RA'AYINMU: Kada Mu Gyara Famfonmu Da Rabon Maƙwabci

Sanin kowa ne cewa da zarar watan Maris ya kama, zafi ya fara tsananta, babu maganar da ta fi yawa a gidajen Kankiya da Kusada kamar maganar ruwa. Wanda ba shi da famfo yana kukan tsadar jarka a wurin 'yan garuwa. Wanda yake da famfo kuma yana kukan cewa ruwan ba shi da ƙarfi, sai ɗiga yake yi, a kafa bokiti tun da asuba har rana ta fito bai cika ba. Wannan kuka na biyu shi ne muke so mu duba a wannan mako, domin mun lura cewa maganin da mutane da yawa suke yi masa ya fi cutar muni.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan famfo ba ya rasa ƙarfi banza, akwai dalili, kuma sau da yawa maigida ko uwargida suna iya gano dalilin da kansu in sun bi abin daki-daki. Amma abin da aka fi yi shi ne, da famfo ya yi sanyi sai a garzaya kasuwa a sayo injin jan ruwa, a jona shi kai tsaye da babban bututun da ke bin layi, a zuƙe ruwan da ya kamata ya isa gidaje goma. Ra'ayinmu shi ne wannan ba gyara ba ne. Ƙwace ne, kuma ƙwacen da ke iya jawo cuta har cikin gidan wanda ya yi shi. Za mu bayyana hanyar binciken da ta dace tukuna, sa'an nan mu komo kan wannan magana.

Kafin a yi zancen gyara, ya kamata mu san irin ƙasar da muke zaune a kanta. Ƙasar Kankiya da Kusada, kamar yawancin tsakiyar Jihar Katsina, tana kan dutse ne mai tauri. Ruwan da ke ƙarƙashinta ba shimfiɗe yake ko'ina ba, yana taruwa ne a cikin tsagogin dutse da inda dutsen ya ruɓe. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a wannan gida a sami ruwa mai yawa, a haƙa a gidan da ke kallonsa a sami kaɗan. Damina kuma ba ta wuce kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk abin da ƙasa ta tara ake sha. Saboda haka in aka kai Afrilu da Mayu ruwa yakan yi ƙasa, a daidai lokacin da mutane da dabbobi suka fi bukatarsa. Wanda ya san haka ba zai ɗora wa famfonsa laifin da ke na bazara ba.

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo, shi ne tambaya. A aika yaro gidan da ke dama da wanda ke hagu a ji yadda nasu ruwan yake. In duk layin haka yake, to matsalar daga tushe ce, wato daga babban bututu ko daga injin da ke turo ruwan, kuma babu abin da za a kwance a cikin gida ya gyara ta. In kuwa maƙwabta suna samun ruwa da ƙarfi, gidanka kaɗai ne ba ya samu, to matsalar tana tsakanin ƙofar gidanka da famfunanka. In kuma famfo ɗaya ne kawai ya yi sanyi, sauran suna zuba yadda suka saba, to laifin yana jikin wannan famfon. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne yakan bar jaki ya doki taiki.

Mataki na biyu shi ne awo. A sami bokiti mai cin lita 10 da agogo. A kafa shi a famfon da ya fi kusa da inda ruwa ke shigowa gida, a duba minti nawa ya yi kafin ya cika. A sake yin haka a famfon da ya fi nisa. A yi da safe lokacin da kowa ke ɗiba, a kuma yi da dare bayan gari ya yi shiru, a rubuta a takarda. In famfon farko ya cika bokiti da wuri, na ƙarshe kuwa ya daɗe ƙwarai, to akwai abin da ya toshe ko yake yoyo a tsakaninsu. In da dare ruwa yana da ƙarfi, da safe ba shi da shi, to masu ɗiba ne suka yi wa bututun yawa. Wannan 'yar takarda ita za a nuna wa mai gyaran famfo in an kira shi, domin kada ya yi ta lalube a kan kuɗinka.

In famfo ɗaya ne ya lalace, gyaran yakan zama mai sauƙi. Yawancin kawunan famfo na zamani suna da 'yar rariya a baki, wadda yashi da tsatsa kan toshe. A kwance ta a wanke a mayar. In irin na da ne mai murɗawa, wataƙila robar da ke ciki ce ta kumbura ko ta yage ta tare hanya, canjinta kuwa bai kai kuɗin jarka kaɗan ba. Kan shawa shi ma ramukansa sukan toshe da wani farin abu mai kama da kanwa. A jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a bi ramukan da allura, sai ya dawo kamar sabo.

In duk gidan ne ruwa ya yi sanyi, sai a fara da makullin da ke bakin shigowar ruwa da wanda ke gindin tanki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, akan tarar yara ne suka murɗa shi ya tsaya rabi a buɗe. Daga nan a hau a leƙa cikin tankin. A duba ko ruwan ya yi ƙasa, a duba ƙwallon nan da ke rufe ruwa in tanki ya cika ko ya maƙale, a kuma duba laka da gansakukan da suka taru a ƙasa ko sun toshe mafitar ruwan. Tankin da aka shekara ba a wanke ba yana rage ƙarfin ruwa, yana kuma ɓata shi. Ya kamata a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a kuma tabbata murfinsa yana rufe.

A nan akwai wani kuskuren fahimta da ke cin kuɗin mutane. Da yawa suna tsammanin girman tanki shi ne ke ba ruwa ƙarfi, sai su sayar da ƙarami su sayo babba, su ga babu abin da ya canja. Gaskiyar magana ita ce, ba girma ke ba da ƙarfi ba, tsawo ne, wato tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin famfon da ake ɗiba. In tazarar ta ninka, ƙarfin ya ninka. Tanki mai cin lita 500 da ke bisa mita 6 ya fi mai cin lita 2,000 da ke bisa mita 2 turo ruwa da ƙarfi. Shi ya sa famfon tsakar gida da ke ƙasa-ƙasa yakan zuba sosai, shawar da ke daidai kan mutum kuwa ta riƙa tsiyaya, tun da tsakaninta da gindin tankin bai wuce mita ɗaya ba. Amma wanda zai ɗaga tankinsa ya yi hattara. Kowace lita ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 1,000 nauyinsa ya kai na buhun siminti 20. Kada a ɗora irin wannan nauyi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ko ginin da ba a yi masa tushe ba, a gidan da yara ke wasa a ƙarƙashinsa.

Wani abin kuma shi ne iska. In tanki ya ƙafe ƙaf, iska takan shiga bututu ta zauna a inda ya yi tudu, ko an sake cika tankin sai ruwa ya ƙi wucewa sosai. Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana fesa ruwa tsam-tsam. Maganinta a cika tankin, a buɗe dukan famfunan gida gaba ɗaya, a tara bokitai, a bar su suna zuba har tarin ya tsaya. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan sa ɗan bututu a tsaye kusa da mafitar tanki, bakinsa ya ɗara saman tankin, domin iska ta riƙa fita da kanta.

Sai kuma shi kansa bututun. Domin neman sauƙi, masu gini da yawa sukan ja bututu mai rabin inci tun daga tanki har ƙarshen gida. Hanyar ruwan da ke cikin bututu mai inci ɗaya ta ninka ta mai rabin inci sau huɗu, ba sau biyu ba. Abin da ya dace shi ne a sauko daga tanki da mai inci ɗaya, sai a bakin kowane famfo a rage. Kowace gwiwa da aka ƙara a hanya ita ma tana rage ƙarfi. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe kuwa, tsatsa takan cika cikinsa har hanyar ta koma kamar ta tsinke, alhali daga waje ana ganinsa lafiya lau. In ruwan farko da ke fita da safe ja ne, to alamar ke nan, kuma babu injin da zai gyara wannan sai canjin bututu.

Babban ɓarawon ruwa a gida shi ne yoyon da ba a gani. Ga yadda ake kama shi. Da dare a rufe dukan famfuna, a rufe makullin da ke kawo ruwa cikin tanki, a sa alama a daidai inda ruwan ya tsaya. Da safe kafin kowa ya ɗiba a sake dubawa. In ya sauka, to akwai inda yake tsiyaya. A bi hanyar bututun ana neman ƙasa mai laima, ko ciyawar da ta yi kore shar a tsakiyar rani, ko gindin bangon da ya jiƙe. Bututun roba da aka binne sama-sama, amalanke ko mota na iya fasa shi, wanda aka bari a rana kuma yakan bushe ya tsage. Kada a raina ɗigo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a kwana ɗaya, wato fiye da jarka guda, a wata kuwa ya haura jarka 30.

Masu rijiyar burtsatse suna da nasu abin dubawa. In injin mai aiki da hasken rana ne, ƙarfinsa yana tsakar rana, da safe da yamma dole ya ragu. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan faifan sola tana rage masa ƙarfi ƙwarai, goge shi da tsumma mai laushi kawai yakan dawo da ruwa. In mai aiki da lantarki ne, wutar da ta zo ba ƙarfi ba za ta juya shi yadda ya kamata ba, tana ma iya ƙona shi. In kuwa ruwan ya fara fita da iska da laka bayan ɗan lokaci da kunnawa, to rijiyar ce ta gaji, sai a kashe injin nan take a bar ta ta tara. Sayo injin da ya fi girma ba zai ƙara ruwan da babu shi a ƙasa ba, sai dai ya ƙafar da rijiyar da wuri shi ma ya ƙone.

Yanzu sai mu komo kan maganar da muka fara. A ce an yi duk wannan bincike, an tarar gida lafiya yake, ruwan ne ke zuwa ba ƙarfi daga babban bututun layi, ko na hukuma ne ko na burtsatsen unguwa. A nan ne ake jarabtuwa da jona inji kai tsaye. Ya kamata mu gane cewa injin ba ya ƙirƙirar ruwa. Ruwan da ke cikin bututun layi kamar tuwo ne a akushi ɗaya, duk lomar da wani ya ƙara daga rabon wani ta fito. Da an kunna injin, gidajen da ke kan tudu da waɗanda ke ƙarshen layi su ne famfonsu zai fara ƙafewa. Su wane ne waɗannan? Galibi masu ƙaramin ƙarfi ne da ba su iya sayen inji, gwauraye da tsofaffi, da gidajen da 'yan mata ƙanana za su makara zuwa makaranta saboda neman ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana. Gida mai mutum goma ke nan yana neman lita 200, wato jarka takwas masu lita 25. Wanda aka zuƙe wa ruwa, da kuɗin cefanensa zai sayi waɗannan jarkoki. Bugu da ƙari, in maƙwabci ya ga haka shi ma sai ya sayo nasa injin, na gaba ma ya sayo, a wayi gari kowa yana ƙona mai yana jan iska, an koma gidan jiya.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lafiya. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko akwai tsaga a jikinsa ruwa fita yake yi, ƙazanta ba ta samun shiga. Amma da inji ya fara zuƙa, sai al'amarin ya juya, tsagar ta riƙa jawo abin da ke waje zuwa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ina bututunmu suke bi? Duk wanda ya zaga lungunan garuruwanmu ya ga yadda suke kwance cikin kwata, wasu ma dab da masai. Ruwan kwatar nan shi injin zai ɗora cikin tankin mai shi, ya kuma bar saura a cikin bututu domin maƙwabta. Ta haka ne zazzaɓin taifot da amai da gudawa ke shiga gidan da ake ganin ruwan famfo ake sha. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka ƙiyasta mutum sama da 100,000 sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Haka nan al'adar haƙa rami a ƙofar gida a yanke bututu daga ƙasa domin a tari ruwa, ita ma ƙofa ce da ake buɗe wa cuta, balle in damina ta sauka ramin ya cika.

Akwai hanyar da ba ta cutar da kowa. Mai hali ya ajiye tanki a ƙasa mai murfi, ruwan layi ya shiga cikinsa da ƙarfin kansa, a sa masa ƙwallon da zai rufe in ya cika. Daga wannan tankin ne inji zai ɗauka ya kai sama. Ta haka mutum ya karɓi abin da ya zo masa kawai, bai taɓa rabon kowa ba, bai kuma zuƙo ƙazanta ba. Gaskiya ne ya ɗan fi tsada, amma bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba. Wanda ba shi da halin wannan ya sa famfo ɗaya ƙasa-ƙasa a tsakar gida, a kan daɓe mai tsabta, ya cika duro da randuna da dare lokacin da ruwa ke da ƙarfi. Duk ranar da ruwa ya dawo bayan ɗaukewa, a bar na farko ya zuba domin wanki da ban ruwan shuka, wanda za a sha kuma a tafasa shi.

Ba mu ce hukuma ba ta da nata nauyin ba. An gama gina madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsinma tun shekarar 1983, amma sai a watan Yuli na 2021 ne marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin aikin da ke kai ruwanta birnin Katsina, wato bayan shekara 38. An kuma tsara kashi na gaba domin garuruwan da suka haɗa da Dutsinma da Kankiya da Charanchi. Muna kira ga gwamnatin jiha da Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina da su tuna cewa kawo ruwa bakin gari rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne bututun cikin unguwanni, da gyaran inda ya fashe da wuri, da sanar da jama'a ranaku da sa'o'in da za a sako ruwa, domin rashin sanin lokaci shi ne ke sa kowa ya yi wawaso. Amma ko ruwan Zobe ne ya cika bututu, in kowane gida yana zuƙa da inji, na ƙarshen layi ba zai gani ba.

Muna kuma kira ga ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da su tura ma'aikatan duba-gari su zaga unguwanni, a ɗage bututun da ke cikin kwata, a rufe ramukan tarar ruwa. Garin da ke da makarantar koyon aikin lafiya kamar Kankiya bai kamata ya rasa masu wannan aiki ba. Ƙauyuka irin su Rimaye da Kafin Soli da Mawashi da Yashe, duk inda jama'a ke shan burtsatse ɗaya, ya kamata a sami kwamitin da zai riƙa tara ɗan abin gyara kafin inji ya tsaya, ba bayan ya tsaya ba. Masu unguwanni su zauna da mutanensu a yi yarjejeniyar hana jona inji da babban bututu, a kuma raba lokacin ɗiba tsakanin na kwari da na tudu. Masu gyaran famfo su ma su ji tsoron Allah, su faɗa wa maigida gaskiya in roba ce kawai ta lalace, su kuma ƙi aikin da suka san zai cuci unguwa.

Ga 'yan'uwa masu karanta wannan shafi kuwa, gyaran ya fara daga gidajenmu da harabar majami'unmu. Wanda ya riga ya jona inji da bututun layi ya cire shi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zumuntar mata, waɗanda su suka fi kowa sanin wahalar ruwa, su koya wa juna awon bokiti da gwajin yoyo. Matasanmu da ke neman sana'a su koyi gyaran famfo da kyau, domin aiki ne da ba ya ƙarewa. Bututun da ke bin layinmu bai san addinin kowa ko ƙabilarsa ba, abin da ya shiga cikinsa a gida ɗaya shi kowa zai sha. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma kawo mana damina mai albarka. Amin.